Ranar da na duba tsokar wuyana a madubin likita

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a ɗakin gwajin tsoka na wani asibitin koyarwa a Arewacin Najeriya kafin ranar da aka kawo mana tawa tsokar. Aikinmu ba sananne ba ne a wurin majinyata, domin ba ma ganinsu, su ma ba sa ganinmu. Likitan tiyata yakan yanko ɗan yanki daga ƙari, ya jefa shi cikin kwalbar famalin, a aiko mana da takarda. Mu kuma mu bar shi ya sha magani, mu tsane ruwansa, mu daskarar da shi cikin kaki, sannan mu ɗora a kan injin yanka mu fere shi fale-fale, kaurin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari biyu na milimita ba. Daga nan sai a shimfiɗa a kan gilashi, a rina shi da shuɗi da ruwan hoda, a miƙa wa likitan da zai karanta ya yanke hukunci. Ni ba likita ba ne, masanin gwaje-gwaje ne, amma wanda ya yi shekaru yana duba gilashi kafin ya miƙa, ido yakan saba da abin da ke kai.

A cikin ƙwayoyin halittar da nake gani kullum, babu wadda na fi sabawa da ita kamar wadda ake kira makurofaj. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa babban maciyi, kuma ya dace da ita. Wasu daga cikinsu tun mutum yana cikin mahaifiyarsa suke kama wuri a hanta da huhu da ƙwaƙwalwa su zauna, wasu kuma ɓargo ne ke samar da su, su bi jini a matsayin fararen ƙwayoyin da ake kira monosait, har su isa inda ake bukatarsu, su ratsa bangon jijiya su fita, su kumbura su kama aiki. Aikin nasu haɗiya ne: ƙwayar cuta, ƙura, matacciyar tsoka, tsohon jini. Jajayen ƙwayoyin jini sukan yi kimanin kwana 120 suna yawo, idan sun tsufa makurofaj na saifa da hanta ne ke cinye su, su ware sinadarin ƙarfen da ke cikinsu su mayar wa ɓargo. Na sha ganinsu baƙi ƙirin a yankin huhun dattijuwar da ta ƙarar da rayuwarta a gaban murhun itace, sun haɗiye hayaƙin shekara da shekaru sun kasa narkar da shi. Na gan su a mabiyiyar matar da ta yi fama da zazzaɓin cizon sauro tana da juna biyu, cikinsu cike da baƙin garin da ƙwayar cutar ke bari bayan ta ci jini. A tarin fuka kuwa sukan yi gangami su kewaye ƙwayar cutar, wasu su haɗe su zama ƙatuwar ƙwaya guda mai cibiyoyi da yawa, jere a gefe kamar jinjirin wata.

Ina yawan ba ɗaliban da ke zuwa sanin makamar aiki labarin yadda aka gano su. A 1882 wani masanin dabbobi ɗan ƙasar Rasha, Iliya Mechnikof, yana zaune a garin Mesina na tsibirin Sisili, ya soka ƙayar fure a jikin jaririn tauraron teku, halittar da ake ganin cikinta tar kamar gilashi, ya bar ta ta kwana. Da gari ya waye sai ya tarar da ƙananan ƙwayoyi masu motsi sun taru sun lulluɓe ƙayar. A kan wannan aiki ya sami kyautar Nobel a 1908. Nakan ce wa ɗalibai su riƙe su a matsayin masu gadi kuma masu shara, kuma a lokacin ban san rabin labarin kawai nake ba su ba.

A tsakiyar 2019, ina da shekara talatin da biyar, kaluluwa ta fito mini a gindin wuya ta ɓangaren hagu. Ba ta ciwo, kuma idan na danna ta sai in ji ta da tauri kamar roba. Na san ma'anar wannan sarai, domin na yanka irinta ɗaruruwa, amma wanzami ba ya son jarfa, sai na ce wa kaina mura ce ta tayar da ita. Bayan wata biyu zufa ta fara zubo mini da dare har sai maiɗakina ta tashi ta canza zanin gado, zazzaɓi yana zuwa ya yi kwanaki ya tafi, ga wani ƙaiƙayi a ƙafafu ba tare da ƙurji ko ɗaya ba, ga wanduna sun fara yi mini yawa. Don kada abokan aiki su sani, sai na tafi wani asibiti dabam, aka zuƙo ruwan kaluluwar da siririyar allura. Sakamako ya nuna makurofaj sun dunƙule rukuni-rukuni irin yadda suke yi a tarin fuka, wato tibi. Gwajin majina bai nuna komai ba, amma tibin kaluluwa sau da yawa ba ya fitowa a majina, saboda haka aka ɗora ni a kan maganin wata shida. A ƙasar da tibi ya yi yawa kamar tamu, ba zan ce wanda ya karanta gilashin ya yi ganganci ba, ya faɗi abin da allura ta kawo masa ne. Ni ma na yi murna, domin tibi cuta ce da ake warkewa kuma maganinta kyauta ne. Na yi wata huɗu ina haɗiyar ƙwayoyi da asuba, fitsarina ya koma launin manja, kaluluwa guda kuma ta zama uku.

A watan Fabrairun 2020 aka ciro guda ɗungurungum a asibitinmu. Na ga kwalbar da lambata a kan teburin karɓar kaya, na juya baya na bar wa abokin aikina, domin ƙa'ida ba ta yarda mutum ya sarrafa tsokarsa ba, ko da ta yarda ma hannuna ba zai tsaya a kan injin ba. Bayan kwana biyar Farfesa, shugaban sashenmu, ya aiko a kira ni. Yana da madubi mai kai biyu wanda yake koyar da likitoci da shi. Ya nuna mini kujerar da ke fuskantarsa ya ce, "Malam, zauna ka duba da kanka, ai kai ɗan gida ne." Na sa ido, ya juya gilashin a hankali, ya tsaya. A tsakiyar filin ga wata ƙatuwar ƙwaya mai cibiya biyu, kowace cibiya da jan ɗigo a tsakiya, tana kallona kamar mujiya. Babu wanda ya yi wata shida a ɗakin gwajin tsoka da bai san wannan fuska ba. Ƙwayar Rid da Sitanbag ce, wadda aka sa wa sunan likitoci biyu da suka bayyana ta a 1898 da 1902, alamar sankarar kaluluwa da Tomas Hojkin ya fara rubutawa a kai a Landan a 1832.

Na ɗaga kai na ce, "Ranka ya daɗe, na gani." Ya ce, "Ba ka gama gani ba, ƙirga mini su." Na mayar da ido na ƙirga shida, wataƙila bakwai, a cikin fili mai ɗauke da dubban ƙwayoyi. Na ce, "Sauran fa, ranka ya daɗe?" Ya ce, "Sauran duk naka ne." A irin wannan sankara, ƙwayoyin cutar na ainihi ba sa wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na ƙarin. Kumburin da nake shafawa a wuyana kusan dukansa garkuwar jikina ce, ta taru ta yi cincirindo. Wannan ne ma dalilin da allura ta kuskure: ta shiga ta zuƙo jama'ar gari, ta bar baƙin da ake nema.

Aka aika kakin wani ɗakin gwaji a Kudu don a tabbatar da rini na musamman, wanda ke kama alamomin CD30 da CD15 a jikin ƙwayar cutar. Ni kuma na biya daga aljihuna na roƙa a ƙara mini rini na uku, CD68, wanda ke fito da makurofaj. Da gilashin ya dawo na jira kowa ya tashi, na zauna ni kaɗai bayan la'asar. Rinin yakan bar launin ƙasa-ƙasa a duk inda ya kama, sauran wuri ya zauna shuɗi. Filin nawa ya yi dabbare-dabbare da ƙasa-ƙasa ta ko'ina, kuma ba a warwatse suke ba. Kowace ƙatuwar ƙwayar sankara tana zaune a tsakiya, makurofaj sun yi mata zobe, jikinsu yana taɓa nata, kamar fadawa kewaye da sarki ranar hawan salla. Na duba a hankali ko zan ga guda ɗaya da ta haɗiye wani abu daga jikin sarkin, ban gani ba.

Abin da ya sa na nemi wannan rini shi ne wani bincike da masana a Bankuba ta Kanada suka wallafa a 2010, inda suka nuna cewa masu sankarar Hojkin da makurofaj suka yi yawa a ƙarinsu sun fi fuskantar dawowar cutar, kuma sun fi saurin mutuwa da ita. Da na kai wa Farfesa gilashin sai ya yi mini faɗa irin na uba. Ya ce ba duk binciken da ya biyo baya ne ya tabbatar da wannan ba, ba a kuma zaɓar wa majinyaci magani da ƙidayar CD68, sannan ya ce in daina yi wa kaina duba. Gaskiya ya faɗa, amma abin da ido ya gani ya riga ya gani, kuma tambayar da ta hana ni barci ita ce me ya sa mai gadin da na yi shekaru ina yabo a gaban ɗalibai ya ga ɓarna ya tsaya yana fadanci.

Amsar da ta fi gamsar da ni tana cikin wata magana da wani likita a Bostan, Harol Dvorak, ya rubuta a 1986, cewa ƙari rauni ne da ba ya warkewa. Idan mutum ya yanke da wuƙa, makurofaj sukan yi aiki hawa biyu. A kwanakin farko mayaƙa ne, suna kashe ƙwayar cuta da guba, suna kiran sauran dakaru, wurin ya yi ja ya yi zafi. Idan an gama da abokin gaba sai su sauya hali su koma magina. Sukan fitar da wani sinadari mai suna VEGF wanda ke sa sababbin jijiyoyin jini su tsiro zuwa wurin, sukan narkar da tsohon ginshiƙin tsoka don sababbin ƙwayoyi su sami hanyar wucewa, sannan su fitar da wasu sinadarai, irin su IL-10, waɗanda ke gaya wa ƙwayoyin T, wato dakarun da ke kisa, cewa yaƙi ya ƙare kowa ya mayar da takobi kube. Masana sukan kira hali na farko M1, na biyu M2, ko da yake a jikin mutum ba a rabe suke tsaf haka ba, akwai masu hali tsaka-tsaki iri-iri. To duk abin da mai rauni yake bukata, shi ne ƙari yake bukata: jini ya ciyar da shi, hanya ya bi ya bazu, da wanda zai hana a kashe shi. Ƙwayar sankara takan fitar da sinadaran kira, musamman CCL2 da CSF-1, monosait su baro jini su amsa, su tarar da wuri mai ƙarancin iska da matattun ƙwayoyi, duk alamun rauni, sai su ɗaura ɗamarar gyara. Da ɗan gari akan ci gari, sai dai a nan ɗan garin bai san an ci da shi ba, yana ganin aikin alheri yake yi.

Wani gwaji da aka yi a Niyok a 2001, a ɗakin binciken Jefri Polad, ya nuna girman wannan hidima. An ɗauki ɓerayen da aka shirya su kamu da sankarar mama, aka cire musu ikon yin CSF-1, makurofaj suka yi ƙaranci a jikinsu. Ƙarin ya fito kamar yadda aka zata, amma ya yi jinkirin zama mugu, kuma bazuwarsa zuwa huhu ta ragu ƙwarai. A wasu nau'o'in sankarar mama ta ɗan Adam, makurofaj kan kai kusan rabin ƙwayoyin da ke cikin ƙarin. Na tuna yawan nonon da na yanka a shekarun nan, kullum idona yana kan ƙwayar cuta, ina ɗaukar sauran a matsayin 'yan kallo.

Da labari ya bazu a dangi, kowa ya zo da nasa. Wani ya kawo zuma da habbatus sauda, wata ta kawo garin zogale, wani kawuna ya aiko da jarkar nonon raƙumi daga ƙauye, kuma kalmar kowa guda ce, wai a ƙarfafa garkuwar jiki. Na karɓa na yi godiya, wasu na sha bayan na tambayi likitana, domin ƙauna ce ta kawo su. Amma kalmar tana yi mini ciwo, saboda na ga garkuwar tawa da idona, ba rauni ne da ita ba, ta cika wuri maƙil. Hajiya mahaifiyata, wadda ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, ita ce ta zaunar da ni ta ce, "Kai, wannan yaro, gaya mini abin da yake cikin wuyan nan da Hausa." Na yi mata bayani iya ƙoƙarina. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe maigadi ne yake riƙe wa ɓarawo fitila." Har yau ban sami bayanin da ya fi wannan ba, kuma shi nake ba ɗalibai.

Hoto ya nuna cutar ta sauka ƙirji ta kuma taɓa saifa, wato mataki na uku. Aka fara mini kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, haɗin magunguna huɗu da ake kira ABVD, ƙarin ruwa duk bayan mako biyu, sau goma sha biyu, kuma farkonsa ya faɗo daidai lokacin kullen korona, ina nuna katin aiki a shingayen hanya kafin in isa asibiti. Ɗaya daga cikin magungunan ja ne wur, shi ma yana rina fitsari, har maiɗakina ta ce da alama an rubuta mini sai na yi shekara guda ina fitsari mai launi. Ba zan tsawaita a kan amai da zubar gashi ba, duk wanda ya yi jinyar mai kemo ya san su. A ƙarshen 2020 aka ce babu sauran alama. Na koma aiki, na yi ƙiba, muka sami ƙaruwar ɗiya mace. A farkon 2022 ƙaiƙayin ƙafa ya dawo, kuma tun kafin a yi hoto na san abin da ake ciki.

Kemo na biyu ya rage ƙarin amma bai share shi ba, a nan ne likitata ta kawo maganar nibolumab. Tushen maganin yana komawa ga wani masani ɗan Japan, Tasuku Honjo, wanda ya gano wani furotin mai suna PD-1 a 1992, ya kuma sami kyautar Nobel a 2018 tare da Jems Alison na Amurka. PD-1 birki ne a jikin ƙwayar T. Idan wata ƙwaya ta taɓa shi da abokin haɗinsa, PD-L1, sai ƙwayar T ta yi sanyi ta fasa kisa. Allah ya yi wannan birki ne don kada garkuwa ta cinye mai ita, amma sankarar Hojkin ta ƙware wajen taka shi. Nibolumab yana rufe PD-1 ne don kada a sami wurin takawa. A gwajin da aka wallafa a 2015, cikin mutum 23 da cutar ta dawo musu bayan magunguna da yawa, 20 ƙarinsu ya ragu, kuma a 2016 Amurka ta amince da shi don wannan cuta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne binciken da aka yi a Bostan a 2017, inda aka rina yankan ƙarin Hojkin da launuka da dama a lokaci guda aka auna wa ke kusa da wa. Sun tarar da cewa mafi yawan PD-L1 da ke cikin ƙarin ba a jikin ƙwayar sankara yake ba, a jikin makurofaj ɗin da suka yi mata zobe yake. Wato fadawan nan da na gani da la'asar, su ne ke tare ƙwayoyin T a bakin fada suna sanyaya musu jiki kafin su kai ga sarki.

Kuɗin maganin ya fi ƙarfin albashina nesa ba kusa ba. Adadin da aka saba bayarwa miligiram 240 ne duk mako biyu, amma likitata ta san wani gwaji da aka yi a birnin Santi Fitasbag na Rasha, inda aka ba masu irin cutata miligiram 40 kawai, mafi ƙanƙantar kwalba, kuma da yawa suka amfana. Ita ta yanke wannan shawara bayan ta auna halin da nake ciki, ba ni na yi wa kaina ba. Duk da haka sai da na sayar da filin da na yi shekara bakwai ina biya, abokan aiki suka yi karo-karo, ƙanina ya sayar da motarsa. Bayan allura ta biyu na kwana zanin gado a bushe, na farka ina shafa shi ina mamaki. Bayan wata uku kaluluwar ta ɓace a hannu. A 2023 muka tafi Indiya aka yi mini dashen ƙwayoyin ɓargona, wanda shi ne ake fatan ya rufe maganar. Nibolumab dai bai tafi hannu rabbana ba. Da aka saki birkin, ƙwayoyin T sun afka wa tayirod ɗina, ƙullin nan na gaban wuya da ke daidaita kuzarin jiki, suka lalata shi, yanzu kowace safiya sai na sha ƙwaya guda kafin in karya, kuma haka zan yi har ƙarshen rayuwa.

A tsawon jinyar nan na zama mai bibiyar duk wani yunƙuri na juyo da makurofaj su fuskanci ƙari, kuma wanda na fi ɗora wa rai shi ne na CD47. Wannan furotin tambari ne da lafiyayyun ƙwayoyin jiki ke ɗauke da shi, ma'anarsa kada ka ci ni, ni na gida ne. A 2009 ɗakin binciken Abin Waisman a Jami'ar Sitanfod ya nuna cewa ƙwayoyin sankarar jini sukan lulluɓe kansu da wannan tambari fiye da kima. Aka haɗa maganin da zai rufe tambarin, wanda daga baya aka sa wa suna magrolimab. A 2018 aka ba mutum 22 masu wata sankarar kaluluwa shi tare da wani maganin sankara mai suna rituksimab, rabinsu suka sami sauƙi, kuma a 2020, ina tsakiyar kemo, kamfanin Gilead ya saye kamfanin da ya ƙirƙiro shi a kan dala biliyan 4.9. Na riƙe shi a zuciya a matsayin ajiyata idan komai ya ƙi. Amma jajayen ƙwayoyin jini ma da wannan tambari suke kare kansu daga makurofaj na saifa, saboda haka maganin yana jawo ƙarancin jini. Da aka shiga manyan gwaje-gwaje sai ya kasa nuna amfani, a 2023 aka fara dakatar da su, a 2024 kuma aka daina gwada shi a sankarar jini bayan an ga ƙarin mace-mace a cikin waɗanda suka sha. Ranar da na karanta wannan na ji kamar an yi mini rasuwa, alhali ban taɓa ganin kwalbarsa ba.

Sauran hanyoyin ma nasararsu a taƙaice take. Magungunan da ke toshe kiran CSF-1 ba su yi abin a zo a gani ba a manyan sankarori idan aka ba da su su kaɗai. Inda suka yi aiki sosai shi ne wani ƙari na gaɓɓai wanda ba ya cika kisa, inda ƙwayoyi kaɗan ke kwarara CSF-1, makurofaj su taru su zama kusan dukan kumburin, kuma a 2019 Amurka ta amince da peksidatinib dominsa duk da haɗarin da yake da shi ga hanta. A Turai tun 2009 ake ba yara da matasa masu sankarar ƙashi mifamutaid bayan tiyata, maganin da ke kwaikwayon fatar ƙwayar cuta don ya tayar da makurofaj su koma halin yaƙi. A Jami'ar Fensilbeniya kuma an ɗebo monosait na majinyaci, an dasa musu abin gane ƙari a ɗakin gwaji, an mayar masa, kuma a 2021 aka fara gwada wannan a jikin mutane. Ra'ayina, a matsayin wanda ya ga abin a gilashi ya kuma ji shi a jiki, shi ne kashe su gaba ɗaya ba zai yi ba, domin ranar da suka ƙare babu mai share huhu, babu mai rufe rauni. Dabarar da ke da makoma ita ce wadda za ta nuna musu wanda za su ci. Wannan ma ba sabon abu ba ne a asibitocinmu. Wata baiwar Allah da muke haɗuwa a ɗakin kemo tana karɓar rituksimab, maganin da ake amfani da shi tun 1997, kuma babban ɓangaren aikinsa shi ne ya manne a jikin ƙwayar sankara ya zama shaida, makurofaj na hanta su gan ta su haɗiye. Ita ta warke tun a zagayen farko.

Na koma bakin injin yanka a ƙarshen 2023. Abin da ya sauya a aikina ƙarami ne amma ina riƙe da shi da ƙarfi. Duk takardar da ta zo da ruwan allura daga kaluluwa, aka ga dunƙulen makurofaj ba a ga ƙwayar tibi ba, nakan roƙi likitan da zai sa hannu ya ƙara layi guda, cewa idan an yi wata biyu ana shan magani babu sauƙi a ciro kaluluwar gaba ɗaya a kawo. Wasu suna ganin na cika naci, Farfesa kuwa yakan yi murmushi ya rubuta.

Kwanakin baya aka kawo kwalba daga ɗakin maza, kaluluwar wani yaro ɗan shekara goma sha tara, takardarsa ta nuna ya gama wata shida na maganin tibi an sake ɗora shi a kan wani zagayen. Ni na yanka, ni na rina. Da na ɗora gilashin don in duba ko rinin ya kama kafin in miƙa, sai ga idanun mujiya a kusurwar hagu, guda uku, kowace da zobenta. Na kai wa Farfesa, ya tabbatar, ya sa hannu. Ban jira masinja ba, na ɗauki sakamakon na hau bene na kai wa likitan ɗakin da kaina. A bakin ƙofa na tarar da mahaifin yaron zaune a kan tabarma da kwanon abinci a rufe, ya miƙe da ya ga farar riga, ya ce, "Likita, ko an gano?" Na ce masa ni ba likita ba ne, likita na nan tafe zai yi musu bayani, sannan na janye wuyan rigata na nuna masa tabon da ke gindin wuyana.